Maganar da Na Raɗa Miki

Ya Tsattsewa, tsuntsuwar da ba ta sauka ƙasa. Ya ruwan farko a kan busasshiyar gona. Ya inuwar da na yi ta hange ban taɓa zama ƙarƙashinta ba. Ya zumar da na lasa sau ɗaya ta kashe mini ɗanɗanon kowane zaƙi har tsufa! Ina gaishe ki, gaisuwar wanda ya san ba a jiran gaisuwarsa.

Kada ki wahalar da idonki wajen neman suna a ƙasan takarda. Mai-raɗa ne. Na san yanzu ana kiranki Shugaba, ana kiranki uwar dandamali, ana miƙewa tsaye in kin shigo. Amma kafin duk wannan, akwai wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mutum goma sha ɗaya a wani tsohon sito bayan tashar mota, inda muke jera bokitai a dandamali idan hadari ya taso, saboda rufin kwanon ya zama rariya. Akwai kuma wani siririn saurayi da ke zama kan akwatin kayan wasa a bayan labule, littafi a cinya, yatsa a kan rubutu, aikinsa ɗaya tak: in ɗan wasa ya manta maganarsa, ya raɗa masa ita ba tare da 'yan kallo sun ji ba. Ni ne. Ke kika laƙaba mini sunan nan, ni na laƙaba miki naki.

Kin tuna ranar da labulen ya yage muka zauna ɗinkinsa mu biyu? Da la'asar ne, rana tana zubowa ta hujojin kwano tana yi miki ɗige-ɗige a fuska kamar zabuwa. Kin yi ta fama da allura zare ya ƙi shiga, na karɓa na zura miki, kika ce ashe dai ina da wani amfani ban da gunaguni a bayan mutane. Sai kika daina dariya. Kika ce duk sanda aka ja labule, ba 'yan kallo kike fara dubawa ba, numfashina kike saurara daga baya. In kin ji shi, kin san ko kin zame ba za ki kai ƙasa ba. Wayyo, sanyin idona! Me ya kai ki faɗin irin wannan magana ga mutumin da sana'arsa ita ce rashin mantuwa?

A shekarar ne sanarwa ta zo cewa makarantar koyon wasan kwaikwayo za ta ɗauki mutum biyu daga yankinmu, karatun shekara uku, da ci da sha da wurin kwana duk a kan tallafi. Ga 'ya'yan talakawa irinmu babu wata ƙofa sai ita. Sharaɗin gwajin shi ne a fito bibbiyu, kuma duk wanda ya manta maganarsa ya faɗi. Ke kika ja ni daga bayan labule. Kika ce na haddace maganar kowa a ƙungiya, har da ta jaki in da jaki yana magana, don me ba zan fito a gan ni ba? Kika ce mu tafi tare, mu dawo tare. Na yarda, domin da kin ce in shiga rijiya a ranar, tambayata kawai ita ce wacce.

Kin san abin da ya faru a zauren nan. Ni da ke kaɗai muka sani. Alƙalai uku a bayan dogon tebur, ta tsakiyarsu wata dattijuwa mai tabarau da igiya. Muka fara, komai yana tafiya kamar ruwa a kwari, har muka iso inda mijin zai tafi matar ta yi masa magana ta ƙarshe. Na juyo ina jira. Sai na ga idonki ya zama fanko. Na san wannan kallon, na gan shi a fuskoki da yawa ta tsagar labule: maganar ta gudu. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Kafin in yi shawara da kaina, bakina ya yi aikin da ya saba. Na raɗa miki: "Je ka, ni dai ba zan rufe ƙofar ba." Kika cafe, kika faɗe ta da muryar da ta sa magatakardan da ke gefe ya ajiye alƙalaminsa.

Amma babu labule tsakanina da mai tabarau. Ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta tambaye ni: mantawa kika yi, ko ni ne na yi miki katsalandan? Na dube ki, kina kallon yatsun ƙafarki. Na ce ba ki manta ba, shiru kika yi da gangan don maganar ta yi nauyi, bakina ne ya saba da raɗa. Ta daɗe tana dubana ta saman gilashi, sannan ta ce wanda ba zai iya jure shirun abokin wasansa ba, ba shi da wurin tsayawa a dandamali, in koma bayan labule inda na fi wayo. Aka rubuta sunanki. Gurbi na biyu aka bai wa wani.

Shekara hamsin da biyu ke nan ina jure shirunki, Tsattsewa. Da matar nan tana raye, da na dogara sandata na je na tambaye ta ko yanzu na ci gwajin.

Wasiƙa biyar kika rubuto mini. Ta farko shafi huɗu, ta ƙarshe rabin shafi, kina cewa karatu ya yi yawa. Ban yi fushi ba a lokacin; fushin a hankali ya zo, kamar gara a cikin azara, sai da rufi ya lotsa na san tana ciki. Ƙungiyarmu ta watse, sito ya koma wurin ajiye taya. Na sami aiki a maɗaba'a ina duba kurakuran rubutu, shekara talatin da huɗu ina gyara maganar wasu kamar yadda na saba. Sau uku takardun tallan wasanki suka biyo ta teburina. Na duba su harafi-harafi, na tabbatar sunanki ya fita daidai, na miƙa wa mai inji. Na yi aure, na zauna da mace mai haƙuri wadda ta san akwai wani ɗaki a zuciyata da ba ta da mabuɗinsa, ba ta kuma taɓa jijjiga ƙofar ba. Shekara shida da rasuwarta. Ɗana guda yana aiki a nesa, muryarsa kawai nake ji a waya. Gwiwoyina sun ƙi ni, yanar ido ta rufe mini idon hagu, hannuna yana rawa. Yau kwana uku ina rubuta wannan takarda.

Bara na ji ki a rediyo. Mai tambaya ya nemi sirrin ɗaukakarki, kika ce aiki tuƙuru ne, kuma tunda kike ba ki taɓa manta magana a dandamali ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sai da aka kawo mini ruwa. Ke, farin watana! Ko sau ɗaya? Ko a zauren nan mai dogon tebur? Ban ce ki kira sunana ba, wa ya san ni? Da kin ce kawai akwai wani a bayan labule, da ya ishe ni guzuri har kabari.

To, ba tsohon ciwo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wadda ta kawo mini ruwan nan jikata ce, 'yar ɗana. Ita ce ke zaune da ni, ita ke haɗa mini magani, ita ke karanta mini abin da idona ya kasa. In kin buɗe fom ɗin da na haɗo da wannan wasiƙa, za ki ga sunanki a kansa. Ba kuskure ba ne. Ranar da aka haife ta ni na roƙi ubanta sunan, matata ta dube ni ta kau da kai, ta ci gaba da jijjiga jaririya.

Takwararki ta kamu da ciwonmu. Tun tana makaranta take wasa. Da ta gama, ta nemi gurbin karatun wasan kwaikwayo a jami'a, ta samu, amma ɗawainiyar ta fi ƙarfinmu, gurbin ya wuce. Sai ta shiga wani gidan wasa a matsayin mai koyon aiki: shekara biyu tana goge tufafin 'yan wasa, tana ɗinka maɓalli, tana hawa tsani ta juya fitila a kan fuskokin da ba su kai ta iyawa ba. Duk sanda ta nemi a gwada ta, sai a ce ta kawo takardar shaidar karatu. In ta nemi karatun, a ce ta kawo shaidar ta taɓa fitowa a babban wasa. Kaza ce ta fara ko ƙwai? Abin da ya rage mata shi ne tallafin gidauniyarki, wanda ake cewa kin kafa don 'ya'yan marasa ƙarfi. Bana ce shekararta ta ƙarshe. Baɗi ta haura shekarun da kuka ƙayyade.

Ta cika fom, ta ɗauki hoton wasanta na minti uku da wayar maƙwabciya. Saura takardar shaida daga wanda ya horar da ita. Ni na horar da ita, don haka ni na rubuta, da mafi kyawun rubutun da hannuna zai iya. Ranar Litinin aka dawo mana da ita daga ofishinki, da jan hatimi a kai: ba a san mai shaidar a wannan sana'a ba. Wata ma'aikaciya ta yi wa yarinyar bayani cikin ladabi cewa sai wanda ya yi karatun abin, ko wanda yake da rajista. Ba a san ni ba! Gaskiya suka faɗa. Mai raɗa in an san shi ai bai iya aikinsa ba. Amma ki gaya mini, ya kurciyar zuciyata, takardar shaidar da ba ni da ita, a ina na yar da ita? A hannun wa take?

Ba na roƙon ki ba ta tallafin. In ba ta cancanta ba, a kayar da ita, zan share mata hawaye da kaina. Abin da nake roƙo ki sa hannu a gurbin mai shaida, ki ce kin san tsohon da ya koyar da ita, domin a bar ta ta hau dandamali a gan ta. Ranar Alhamis ta sama za a rufe karɓa. Kada kuma ki ɗauka barazana nake yi da abin da ya wuce. Na riƙe shi shekara hamsin da biyu, ko matata ba ta ji ba, kuma ko kin sa hannu ko ba ki sa ba, da shi za a binne ni.

Kin san abin da nake roƙo kuwa? In ta ci, za ta tafi. Ɗakin nan zai koma ni da agogo da kwalaben magani. Makarantar nan ta ɗauke mini ke ina saurayi, yau ga ni da furfura ina durƙuso a ɗauke mini ita. Wane irin mutum ne kura za ta ci masa akuya, ya sake jan ta biyu ya kai mata har bakin rami? Irina ne. Ita ma ta yi wannan tunanin. Ta ce ba za ta bar ni ba, wa zai riƙa yi mini faɗa in na ƙi cin abinci? Na ce mata na gaji da mulkinta, ta tafi in sha iska. Na iya ƙarya in don wadda nake so ce, ke shaida ce.

Har yanzu bakin nan bai tuba ba. In tana bita a tsakar ɗaki, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Angona, leɓenka yana motsi." Shi ya sa yanzu nake juya kujerata in fuskanci bango, in cije hankici, in bar ta da shirunta har ta lalubo maganar da kanta. Tana lalubowa kuwa. Ta fi ki a nan, ki yi haƙuri da jin haka. Na kuma yi mata alkawari, ina yi miki: in an kira ta gwaji, ba zan shiga zauren ba. Zan zauna a waje kan dakali, inda leɓena ba zai cuci kowa ba. In kin fito kin ga wani tsoho da sanda yana magana shi kaɗai, ba dole ki tsaya ba.

Ga littafin nan na haɗo miki, wanda nake riƙewa a bayan labule. Bangonsa ya cire, na ɗaure shi da ragowar zaren da muka ɗinke labule. Ki buɗe shafi na arba'in da ɗaya, za ki ga inda yatsana ya cinye takarda. Shi kaɗai ne shaidar da nake da ita cewa na taɓa yin wannan sana'a, kuma ba shi da hatimi. In kin sa hannu, ki riƙe shi. In ba ki sa ba, ki riƙe shi duk da haka, na haddace.

A wasan, ke aka rubuta wa maganar ƙofar nan da ke wannan shafin, ke kika faɗe ta aka tafa miki. Amma ke kika tafi, ni na cika ta. Ban rufe ƙofar ba, Tsattsewa. Ga ta nan a buɗe, iska tana shigowa tana taɓa mini ƙashi, kuma ta cikinta zan fitar da takwararki in kin yarda. Ba zan rufe ba sai ranar da wasu suka rufe ta a bayana.

Naki jiya, naki yau, naki har numfashin da kike saurara ya ɗauke,

Mai-raɗa.