Ba Zan Yi Takabar Mai Rai Ba

Zuwa ga maigidana, inuwata a tsakar rana, ruwan ƙoramar Telwa ranar da ya sauko gari kowa ya saki abin da ke hannunsa ya tafi kallo, rumman ɗin Timiya mai taurin ɓawo da zaƙin ciki. Abdurrahman! Ka ga yau na kira sunanka ɓaro-ɓaro, to gyara zama.

Ina gaishe ka da aiki, da fatan rijiyar zinariya tana mayar da kai sama lafiya kullum. Muryar da ka turo ranar da rezon waya ya kama ku a Tchibarakaten ta iso. Ka ce Yaya Hafiza ta gaya maka ina fita kasuwa da tozali da jan baki kamar wadda ba ta da miji. Ka ce in wanke fuska har ka dawo, in ba haka ba in kwashe kayana in koma gidanmu. Na ɗauki bik da takarda ne saboda amsar nan ba ta kunnen abokan tantinka ba ce.

Yayarka ba ta yi ƙarya ba. Ina sawa. Yau ma na sa, har ya fi na jiya kyau.

Ka tambaye ni don wa nake yi. Haba, hasken idona, mai sayar da tozali za ka yi wa wannan tambaya? A rumfata nake ganin masu saye, kowa da dalilinta. Tsohuwa tana saye don idonta ya daina ƙaiƙayi. Malamar lekol tana saye don in ta harari yara su shiga taitayinsu. Wata kuma rama ce ta kama ta, take shafa jan baki don uwarta ta daina tambaya. Wata kuwa ita da madubinta ne kawai, babu na uku. Har maza suna zuwa ranar Juma'a, suna sunkuyar da kai wai na iyali ne, an jima in hange su a ƙofar masallaci ido ya yi baƙi sidik. Kai a ganinka duk garin nan neman wani ake yi?

Ka manta ranar bikin Biyanu? Ganguna suna tashi, ganyen dabino yana kaɗawa bisa kawuna, kai kuma ka naɗe fuska da rawani, ba abin da ya rage a waje sai ido biyu. Amma wane ido! Ka zizara musu tozali har suna ƙyalli kamar ruwan da ya kwanta a kwarin dutse. A nan ƙafata ta ƙi tafiya, a nan na rasa ƙawayena cikin taro. To faɗa mini, zakin maza, don wa ka sa ranar, alhali ko sunana ba ka sani ba?

Kada ka ce ban gwada bin maganarka ba. Washegarin saƙonka na fita fuska fayau. Ashe a makon ne labari ya shigo gari cewa wata rijiya ta rufta a wajenku, ba a san su wa ke ciki ba. Ina shiga layinmu na kasuwa surutu ya ɗauke. Mai cuku ta ajiye farantinta ta zo ta kama hannuna tana salati. Ka san Mariya ta rumfar kusa da ni, wadda rami ya rufe mijinta, take takaba, ba tozali ba lalle ba turare, neman abincin ƴaƴa kaɗai ke fito da ita. Ta dube ni, ta matsa, ta bar mini wuri a tabarmarta.

Ban san lokacin da na isa gida ba. Na buɗe tandu, na zuba tozalin har ya gangaro kumatu, na dawo kasuwa ina rantse wa mutane cewa jiya-jiya na ji muryarka, lafiyarka lau, har ƙarfin faɗa kake da shi.

Kai kana can ƙarƙashin ƙasa, ba ka san yadda ake karanta mu a nan ba. Matar mai haƙar zinariya fuskarta ce rediyon unguwa. Duk safiyar da na zizara tozali, shela nake yi cewa mijina yana numfashi, cewa ƙasa ba ta ci nawa ba. Shi ne kake so in goge? In zauna da fuskar takaba kana raye, in yi ta gwada rigar da nake roƙon Allah dare da rana kada ya sa mini? Wallahi ba zan yi ba. Yaya Hafiza ta ƙara kai rahoto, zan ma ba ta tandu guda kyauta.

In ka ce in tafi gidanmu, zan tafi, ba na gardama da kai a kan ƙofa. Sai dai ka sani can ma zan sa, kuma don kai ɗin dai. Wani namiji bai taɓa samun ko gefen idon nan ba, ba kuma zai samu ba, ko da ya zo da dutsen zinariya a ka.

In kuwa da gaske tozalin ya tsaya maka a rai, hanya ɗaya ce. Ka fito daga ramin nan, ka hau motar kamiyo, ka zo da zinariya ko ka zo da ƙura, duk ɗaya ne a wurina. Ka tsaya gabana da ƙafafunka biyu, ka sa babban yatsanka ka goge shi da kanka. Ranar ba zan kawar da kai ba.

Taka jiya, taka yau, taka muddin akwai rai a ƙirjina,
Ramata