Anko ya tona mini asiri

Asabar da dare, Agege

Ban yafe wa wanda ya ƙirƙiro anko ba.

Yau a bikin ƙanwar mijina kowace mace leshi iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya. Ni kuwa fuska ba ta zama mini a kai, da murya da sutura nake gane mutane. Haka na wuce surukata ban durƙusa ba. Da ta riƙo hannuna sai na ce, "Sannu Mama, daga dangin ango kike?"

Sai da ta yi magana na gane ta. "Shekara tara kina cin tuwona," ta ce, a gaban kowa.

Mijina, Baban Ummi, ya ce raini ne kawai irin na haihuwar Legas. Na tuna masa maganar likitan asibitin Idi-Araba, cewa idona lafiya lau, wurin da ke riƙe fuska a ƙwaƙwalwata ne ba ya aiki. Ya ja tsaki ya juya mini baya.

Gobe zan je in ba surukata haƙuri. Shi kuwa har yau bai taɓa tambayar abin da ya sa na ɗinka jan zare a hijabin makarantar 'yarmu ba.