Shatin Yatsa a Kan Azurfa

Litinin, 3 ga Maris

Na buɗe durowa ta uku da safe don in canza 'yan ƙunshin shan danshi. Sulalla huɗu sun yi farin ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa musu madara. Wannan ba ya fita, daga wurin bugawa yake zuwa, sai ya yi shekaru a ɓoye kafin ya nuna kansa. Na san haka, amma raina ya ɓaci.

Wata tara ke nan da rasuwar matata. Har yanzu kofi biyu nake saukewa.

Alhamis, 6 ga Maris

Babbar kwandalar, mai hoton jirgin ruwa. Shekara ashirin da shida tana wurina, fuskarta kamar madubi. Yau na ga wani dishi-dishi a gefen dama. Na ɗauka kwanson robar da take ciki ne ya yi datti, na goge. A ciki abin yake.

Na sa gilashin ƙara girma a ƙarƙashin fitila. Shatin yatsa ne. Layi-layi, ruwan zuma, gefensa ya fara komawa shuɗi.

Ni ban taɓa riƙe ta ba safar hannu ba. Ko sau ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai wa Mai Gilashi, dillalin da nake saye a wurinsa tun ina aiki. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce maiƙon hannu ne ya ci azurfar, kuma ya kai shekara da taɓawar, don a hankali yake fitowa. Idan aka tsoma ta a ruwan wanki yanzu, wataƙila ya fita, sai dai ƙyallin zai ɗan mutu. Idan aka bar shi kuma zai zauna har abada, ba mai tara sulalla da zai sake kallonta. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in yanke shawara.

Ya tambaye ni wa ke shiga ɗakin. Na ce ba kowa. Ya dube ni ta saman gilashinsa.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fita ba. Ruwa tun safe.

Laraba, 12 ga Maris

Na kira Auta. Da ban kira ba.

Ita ce ta zauna da mu lokacin jinyar uwarta, wata uku tana kwana a falo. Ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba, na tambaye ta ko ta taɓa buɗe durowata. 

Ta ce, "Baba, tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya ban ƙara taka ɗakin nan ba. Kai ma ka san dalili."

Na sani. Ta ɗauki wani sulai tana wasa da shi a tsakar ɗaki, na yi mata tsawar da har maƙwabta suka leƙo. Na ɗauka ta manta. Yanzu shekararta talatin da huɗu.

Ta ce tana wurin aiki, ta kashe.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sake dubawa da gilashi. Akwai wani layi da ya ratsa shatin a karkace, inda zanen ya katse. Tabon yanka ne. Babban yatsan matata na dama, murfin gwangwani, shekararmu ta farko a gidan nan. Ni na ɗaure mata shi, na ɗaure shi ba daidai ba, ta yi ta yi mini dariya.

Na zauna a kujerar har shayin ya huce.

Talata, 18 ga Maris

Auta ce ta kira da kanta. Na ce mata na gane shatin na waye. Ta ce ta sani, tana tsaye a bakin ƙofa ranar. Na je karɓo magani, uwarta ta lallaɓa da bango ta shiga. Ashe ta san inda nake ajiye makullin tun da daɗewa. Ta buɗe kwanson da farce, ta ɗora kwandalar a tafin hannu, ta daɗe tana kallo a jikin taga.

Na tambaye ta abin da uwar ta ce.

"Cewa ta yi tana so ta ga abin da kake gani a ciki, tun da shekara da shekaru kana kallonsa."

Na tambaya ko ta gani. Auta ta ce ba ta faɗa ba, ta dai ce kwandalar tana da sanyi, kuma ta fi yadda ta zata nauyi.

Shekara talatin da bakwai muna tare. Ban taɓa ce mata zo ki gani ba. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba, ni kuwa na ɗauki hakan a matsayin ba ruwanta da su.

Na so in ba Auta haƙuri a kan maganar Laraba, da tsawar da can. Abin da ya fito daga bakina shi ne ko motarta ta daina ba ta wahala.

Litinin, 31 ga Maris

Mai Gilashi ya kira. Na ce a bar ta haka. Ya ce to, dama ya zata.

Shuɗin ya ƙara faɗi kaɗan. A ƙa'ida lalacewa ce.

Asabar, 5 ga Afrilu

Auta ta zo. Na fito da tire biyu falo, saboda hasken can ya fi kyau, ba don wani abu ba. Na nuna mata bambancin farin ɗigo da rinin da tsohuwar takarda ke jawowa. Na yi surutu da yawa. Ta yi hamma sau biyu, amma ba ta duba wayarta ba. Da muka zo kan mai jirgin ta karɓi gilashin, ta daɗe a sunkuye, ni kuma na tashi na ce zan duba ruwan zafi.

Ta tafi wajen ƙarfe biyar. Ta manta lemarta a bayan kujera.

Na ga lemar tun kafin Auta ta kai ƙofa. Ban tuna mata ba, gara ta dawo ɗauka.