Ƙorafi Kan Hotona da Anka Liƙa Ba da Sanina Ba

Zuwa ga: Mai Girma Babban Likitan Gunduma, Tibiri
Daga: Ruƙayya Isa, matar Malam Abdurrazak, Dumega
Kwanan wata: 14 ga Oktoba, 2024
Game da: Bayyana sirrina da na ɗana a taron wayar da kai kan ba da ƙoda

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni ba mai yawan karatu ba ce, a yi haƙuri da rubutuna. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, dole ce ta sa.

1. A watan Maris 2023 anka yi wa ɗana na fari dashen ƙoda a ƙasar waje. Tawa ce anka sa mishi. Maigidana da ƙanena kaɗai sunka sani. Ga sauran dangi munka ce na tahi jinya ne. Don Allah na yi, ba don a ji ba. Sunan yaron shina cikin takardunku, ni ba ni faɗinsa, kun san al'ada.

2. Ranar 26 ga Satumba wata ƙungiya ta zo garinmu wayar da kai. Na tahi kamar kowa, na zauna cikin mata. Jagoransu Malam Nuhu, wanda ban taɓa magana da shi ba, ya ɗauki lasifika ya kira sunana, ya haɗa da na yaron, ya ce in tashi a tafa wa uwar da ta fi kowa son ɗanta. Surukina shina zaune a layin gaba. Yaron da ko gaban ubansa ba ni kallon idonsa, shi anka ce ina so, cikin lasifika, gaban gari. Na tashi, don ban san yadda ake ƙin tashi ba.

3. Bayan haka sunka liƙa hotona a bangon gidan likita, wanda ke kan katina na asibiti ne anka ƙara wa girma. Ina roƙon a bincika wa ya ba su shi, da wa ya ba su labarin. Ba wanda ya tambaye ni. Tun ran nan ban taka kasuwa ba, ƙuli-ƙulin da nake saidawa sai aike. Ko a rijiya mata na tambayata wai ɗan lelen nawa ya tashi lahiya.

4. Wannan duk zan iya haɗiye shi. Abin da ya sa na rubuto shi ne, an riga an kai gaisuwar yaron gidan Alhaji Ma'azu, neman ɗiyarsa Zulaiha. Ranar 3 ga Oktoba Alhaji ya aiko a dakata. Ya ce an ɓoye mishi ciwo, kuma an gaya mishi mai ƙodar aro ba shi daɗewa, ba shi haihuwa. Ban ga laifinsa ba, uba ne. Amma a taron nan an yi ta tafi, ba wanda ya tsaya ya bayyana wa mutane yadda mai dashe ke rayuwa. Yaron shina shan maganinsa, bana shi ya nome gonar gero tamu. Yanzu ya daina fita hira. Alhaji ya ce zai yanke magana in an gama kaka.

Ba ni ƙin aikin wanga na wayar da kai, ranka ya daɗe. Na ga wankin ƙoda da idona, ba ni fatar shi ga ɗan kowa. Sai dai masu koya wa mutane su ma a koya musu neman izini.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a cire hoton. A ja kunnen wanda ya fitar da sirrin marar lahiya. Mafi girma, a turo likita na gaske, ba mai lasifika ba, ya zauna da Alhaji Ma'azu a zaurensa kafin a gama kaka, ya gaya mishi gaskiyar lahiyar yaron, mai daɗi da marar daɗi. Yaron ya yarda, ubansa ya yarda. In kuma matan gidan Alhaji na son su ga tabon aikin da anka yi mini su tabbatar ana rayuwa da ƙoda guda, zan tahi in nuna musu da kaina, amma a cikin ɗaki.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Taku cikin biyayya,
Ruƙayya Isa
Dumega