Ƙwaryar Gindin Tsamiya

Daren Laraba, Karaye, 1991

Jibi edita ke son hoton abinci na bangon mujalla, sai yau na samu. A hanyar Jajaye na ga ƙwaryar fura da nono a gindin tsamiya, da sabon ludayi, ba kowa kusa. Na jawo ta cikin haske na ɗauki hotonta.

Wata tsohuwa mai itace ta tsaya. "Ɗan nan, mayar musu. Ba su gama sha ba."

"Su wa, Iya?"

Ta wuce abinta.

Ban yarda da iskoki ba. Amma a cike na jawo ƙwaryar, da zan mayar saura rabi, ƙasa kuma a bushe.

Zan ce wa edita fim ɗin ya ƙone.