Hancin Hamdiyya

Tambuwal, ran Litinin

Yaya Uthman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Goggo da duk mutanen Kebbe.

Mutane da yawa na zaton in hanci ya toshe, yawan ɗiga magani ne ke buɗe shi. Kai ma haka ka ɗauka, shi ya sa ka aiko wa ɗiyarka Hamdiyya kwalba ta fuɗu, da saƙon in cire sunanta daga musabaƙar Alƙur'ani kada ta ba ka kunya. Yaya, ka yi haƙuri, ba zan cire ba.

Gaskiya ne gunnarta ta ɓace. Sauti ne na hanci, hancin kuwa a rufe yake mako biyar. Jiya ta maimaita aya guda sau tara, ta kife kai tana kuka. Na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce maganin na 'yan kwanaki ne, in aka zarce shi ke ƙara kumbura hancin. Na ɓoye kwalbar.

Yanzu safe da yamma ina tafasa ruwa kofi biyu, in zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya huce ta shaƙa kamar a alwala, ta fyace. Sannan ta yi surace. Shekara uku nake koya mata karatu, ba mura ce za ta zaunar da ita ba.

Ƙanwarka,
Ni'imatu

Tambuwal, bayan mako biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Goggo?

Kwana shida na farko hancin ya ƙara toshewa. Ta yi fushi da ni, har ta bincike jakata tana neman kwalbar. Ni ma na tsorata, amma ban ba ta ba. Ran na takwas ƙofar hanci ɗaya ta buɗe.

Jiya ta hau dandalin musabaƙa. Da ta ja gunnar farko, wani dattijo cikin alƙalai ya ɗago kai. Ta zo ta biyu, za a tafi da ita Sakkwato.

Na ji ka ce ai gunna ƙaramin abu ce, kuma ko babu ruwan gishirina za ta ci. To, ka matse hancinka da yatsu biyu ka karanta Suratun Nasi a gaban Goggo. Abin da ta ce, ka rubuto mini.

Ƙanwarka,
Ni'imatu