Mamacin Da Ke Noman Citta a Madakiya

Kafanchan,
20 ga Yuni, 1978.

Zuwa ga Meshak, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka kan dutsen Kagoro bayan dogon rani, zumar kogon dutse da ba a lasarta sai an sha harbi, inuwar ɗorawar da nake hutawa, kuma, kamar yadda ka nuna wa duniya a watan nan, babban matsoracin da aka taɓa haifa tsakanin Kafanchan da Zonkwa.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya mutuwar? Ina fata tana tafiya yadda ka tsara ta.

Wasiƙarka ta same ni a makaranta ina tsakiyar koya wa 'yan aji huɗu lissafi. Kawunka Dogara ne ya kawo ta, a kan kekenka, wanda ya ce ka ba shi gado tun da ranka. Na tambaye shi jikinka, ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, mutumin naki ya ce shi ya gama, amma ni dai na ga yana tashi da tuwo kwano biyu, kuma kunyar cittarsa ta fi tawa miƙewa." Ka ji shaidar da danginka ke bayarwa a kanka.

Shafi uku ka cika. Ka ce ciwon daji ya kama ka, ka ce ni yarinya ce da sauran ƙuruciya, in nemi wani, in je in gaya wa Fasto Eli ya soke ranar aurenmu. Har da ayar Zabura ka liƙa a ƙarshe, ka ja mata layi biyu. Rubutun ya yi kyau, masoyina. Da ɗalibina ne kai, da na ba ka maki a kan tsafta, in ba ka sifiri a kan hankali. Wane likita ne ya ce maka daji? Wane mala'ika ne ya sauko gonar kawunka da wannan labari?

Ka tuna Litinin ɗin Ista a Matsirga, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse, shekara biyu da suka wuce, ranar da ƙungiyar mawaƙa ta fita shan iska? Ruwa yana zubowa daga sama kamar an kwance farar auduga, ƙararsa ta hana mu jin juna, iska ta fizge ɗankwalina ta maƙale shi a wani reshe bayan ruwan. Kowa ya ce a bar shi. Kai ka cire takalmi, ka bi duwatsu masu santsi, ka ɓace a cikin feshi har numfashina ya tsaya, ka fito sharkaf da ɗankwalin a haƙoranka. A nan ka ce mini babu abin da ke ƙarƙashin sama da zai sa ka ja da baya daga gare ni. Na yarda, don me zai hana? Kai ne mai jan kan jirgin ƙasa da taragu ashirin a bisa gada lokacin da kogi ke ambaliya, hannunka ko rawa ba ya yi. Ashe akwai abu ɗaya a ƙarƙashin sama da ka manta: takardar likita mai layi biyar.

Ko a ranar nan ma na ga hannunka a ƙirji, na ga kana tsotsar kanwa a ɓoye. Shekara biyar kana fama da ƙwarnafi, ruwan tsami yana taso maka har maƙoshi, kana cewa barkonon jiya ne. Sai da loma ta fara tsaya maka a ƙirji, sai da na rantse ba zan ƙara dafa maka komai ba, ka yarda muka hau jirgi zuwa babban asibiti a Zariya. Ina zaune a benci a waje lokacin da suka fesa maka magani a maƙoshi, suka kwantar da kai a gefen hagu, suka zura maka baƙin tiyon nan mai kaurin yatsa da fitila a bakinsa. Na ji kakarinka ta cikin ƙofa, na matse Littafina Mai Tsarki har farcena ya huda bangonsa. Wannan ka jure, na ba ka. Da ka fito, likita ya zana mana a takarda: can ƙasan hanyar abinci, inda ta haɗu da tumbi, fatar ciki da ya kamata ta yi fari-fari ta koma ja. Ya ce ya tsinko nama guda uku, kowanne bai wuce ƙwayar acca ba, ya sa a kwalba, za a duba su a madubin da ke ƙara girman abu, mu dawo bayan mako uku. Ka tambaye shi dalili, ya ce, "Don mu tabbatar ba daji ba ne."

Kalma huɗu ce a ƙarshen maganarsa, Meshak. Ka tsinci "daji" ka sa a aljihu, ka zubar da "ba" guda biyu a daɓen asibiti. Ka ji daji, ka shiga daji. Ka ɗauki hutu a wurin aiki, ka raba rediyo da keke da takalman ƙwallo, ka tare a Madakiya kana jiran mai ɗaukar rai da fartanya a kafaɗa.

To, ni na je. Ranar da aka sa maka, na roƙi hedimasta, na hau jirgin da abokin aikinka ke ja, na zauna a kan bencin nan ni kaɗai. Da farko likita ya ƙi gaya mini komai, sai da ya ga sunana a katinka, a gurbin wanda za a sanar, da rubutun hannunka. Ya cire tabarau ya ce, "Malama, ba daji ba ne. Amma kada ki tafi da rabin magana kamar shi." Ka ga, har shi ya gane ka.

Ga sauran rabin, ka karanta a hankali, ka bi kowace kalma da yatsa kamar 'yan ajina. Ruwan tsamin da ya shekara biyar yana ƙona wurin ya sa fatar ta sake kama. A cikin naman da aka duba, an ga wasu ƙwayoyi sun fara karkacewa, kaɗan. Irin wannan, in an yi banza da shi, wata rana yana iya juyewa ya zama abin da kake tsoro. In an sa masa ido, ana tare shi tun bai yi ƙarfi ba. Za ka bar taba. Za ka bar barkono da burkutun da kake cewa ba ka sha. Za ka ajiye kanwa ka sha maganin da za su ba ka, ka daina kwanciya da ƙoshi, a sa bulo a ɗaga kan gadonka. Kuma za ka koma su sake zura tiyon nan bayan wata shida, da bayan wani shidan, har sai sun ce ya isa. Wato abin da zai iya kashe ka, ya kai gwarzona, shi ne daidai abin da kake yi yanzu.

Kada ka zaci dariya nake yi a nan. Daga Zariya har Kaduna kuka na yi, wata Bafulatana mai suna Dije da ke gefena ta riƙa shafa mini baya tana tsammanin rasuwa aka yi mini. Ran Lahadi in na waiga layin masu babbar murya na ga gurbinka, waƙar sai ta maƙale mini. Jirgi yana busa a tasha, ina a aji, kunnena ya san ba hannunka ba ne, alli ya tsaya a allo har yara su fara kallona. Kai ne iskar da ke riga ruwa isowa, kai ne ƙanshin ƙasa bayan ya sauka. Yaya za ka janye duk wannan da shafi uku?

Abin da ya fi ci mini rai ma ba gudun ba ne. Ka dube ni, ni Afiniki, ka yanke cewa lafiyarka nake so, ba kai ba. Ka zaci ni tsuntsuwar kaka ce, mai zuwa in dawa ta nuna, mai tashi in an girbe? Da a ce ma dajin ne, wa ya fi ni cancantar riƙe maka kwano? Ka kira wannan sadaukarwa. Raini ne, ka yi masa wanka ka sa masa rigar zuwa coci.

Ban kai wa Fasto saƙonka ba, kuma ba zan kai ba. Ranar ashirin da shida ga Agusta tana nan inda muka ajiye ta, matan zumunta har sun yanka yadi. Likita yana son ganinka ranar Talata, huɗu ga Yuli. Ranar Litinin da safe zan tsaya a tasha, gefen famfo. Ka karɓi kekenka a hannun kawu, ka wanke jar ƙasar da ke ƙafarka, ka zo. In kana jin kunyar abokan aikinka, ka ce musu an ta da kai, ba za su yi musu ba. In ka ji tsoro, ka ji shi a kusa da ni.

Ni taka ce, a ƙoshin lafiya da a kan bencin asibiti, yau da bayan wata shida da bayan shekara sittin, har ranar da Ubangiji zai raba mu. Kuma ba kai ne za ka zaɓa masa ranar ba.

Taka, mai fushi da kai, wadda ba ta da wani sai kai,
Afiniki.